Kacalla Na Cin Tafkunanmu: Kafin A Ba Da Kwangilar Yashewa

Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu na Bauranya, tsakanin Kankiya da Kusada, ya san ba mu da kogin da ke gudu rani da damina. Ruwan sama yakan sauko mana daga wajen watan Yuni zuwa ƙarshen Satumba, sa'an nan sauran watanni takwas ɗin sai abin da ƙasa ta riƙe mana, watau rijiya, da burtsatse inda aka yi sa'a tana aiki, da tafki, da 'yan madatsun ƙasa da aka tare rafuka da su. A nan shanu ke sha, a nan mata ke wanki, a nan magina ke ɗibar ruwan kwaɓi, masu lambu kuma su ja na albasa da tumatir. Ran da famfo ya lalace kuwa, mu kanmu a nan muke cika tulu, kowa ya san haka ko da ba a faɗa a gaban baƙi.

To, abin da ya sa muka ɗauki alƙalami a wannan mako shi ne ciyawar da ke rufe waɗannan ruwaye, da kuma irin kwangilar da akan bayar domin a kawar da ita. Ran 11 ga watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya. An yi ta ja-in-ja a kan yadda za a aiwatar da hukuncin, amma ko ta wace hanya kuɗin suka iso, mun san aikin yashe tafki da share magudanar ruwa yana cikin ayyukan da kansiloli suka fi son rubutawa a kasafi, gama aiki ne da ake gani da ido, ana kuma iya ɗaukarsa hoto. Saboda haka gara mu san abin da za mu tambaya tun katafila ba ta iso ba.

Da farko dai ba kowace ciyawar ruwa ce abokiyar gaba ba. Bado ya daɗe da mu, iyayenmu sun ci 'ya'yansa da saiwarsa a shekarun yunwa. Kainuwa, wadda akan yi wa kirari da dashen Allah, tana yawo ne a bisa ruwa, in ta yi yawa a ja ta da igiya a fitar. Gansakuka kuwa alama ce cewa ruwan ya ƙoshi da taki. Wadda ta fi ba mu tsoro ita ce kacalla, wadda wasu ke kira geranya, doguwar ciyawar nan mai kai kamar zangarniyar gero, da ke kafa saiwa a cikin laka ta fi mutum tsawo. In mai karatu yana son ya ga iyakar abin da za ta iya yi, to ya tambayi mutanen Haɗejiya da Nguru.

Abin da ya sami fadamar Haɗejiya

Kafin a gina manyan madatsun ruwa, kogin Haɗejiya yakan yi ambaliya da damina ya cika fadama, da rani kuma ya janye ƙasa ta bushe ƙayau. Manomi ya shuka shinkafa a kan ambaliya, masunci ya bi bayansa, makiyayi ya zo daga ƙarshe shanu su ci ɗanyar ciyawa. Kacalla tana nan tun a lokacin, amma rani yakan karya mata ƙarfi kowace shekara.

A 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, aka kammala dam ɗin Tiga a kan kogin Kano. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗejiya da Jama'are, sa'an nan a 1992 aka gama dam ɗin Challawa a wajen Ƙaraye. Ba wanda zai musa amfanin waɗannan ayyuka, duk wanda ya ga gonakin rani na Kadawa da Kura ya shaida. Amma tun daga lokacin ana sakin ruwa rani da damina, kogin da a da yakan bushe ya zama kullum da ɗan ruwa marar zurfi yana tafiya a hankali. Wannan kuwa shi ne daidai abin da kacalla take so. Ta bazu, ta tare laka, lakar ta cika hanyar ruwa, kacalla ta ƙara samun wurin kafa saiwa. Tsohuwar hanyar kogin Haɗejiya da ta Burum Gana suka toshe, ruwa ya karkata zuwa mashigar Marma ya nufi tafkin Nguru, ya ci gonaki da hanyoyi a can, alhali mutanen da ke ƙasa wajen Gashuwa suna kukan ƙarancinsa. Ƙananan hukumomin Guri da Kirikasamma da Birniwa a Jihar Jigawa, da Nguru da Bade a Jihar Yobe, sun ɗanɗana kuɗarsu. Kwale-kwale ya rasa hanya, taru ya rasa wurin jefawa, daɗin daɗawa kuma tsuntsayen jan-baki suka sami makwanci a cikin ciyawar, daga nan suke tashi da safe su faɗa wa gero da shinkafa.

An yi ƙoƙari iri-iri. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin fadamun duniya da ake karewa a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. A 2006 jihohi shida da ke cin moriyar waɗannan koguna, watau Kano da Jigawa da Yobe da Borno da Bauchi da Filato, suka haɗu da Gwamnatin Tarayya suka kafa asusun kula da su. A 2014 Bankin Duniya ya amince da shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan ban-ruwa na Arewa. Bayan ambaliyar 2020 Gwamnatin Jihar Jigawa ta sayo injinan haƙa masu iya shiga cikin ruwa. Mutanen ƙauyuka su ma sun sha fita aikin gayya da lauje da adda suna buɗe hanyar ruwa. Duk da haka kacalla ba ta ƙare ba, domin inda aka share bana aka juya baya, baɗi ta dawo.

Mai karatu zai ce, ina ruwan Bauranya da Tiga? Dalilin ɗaya ne. Duk inda aka tare ruwa ya kwana rani bai bushe ba, bakinsa kuma ba shi da zurfi, an yi wa kacalla shimfiɗa. Irinta kamar auduga yake, iska ke ɗaukarsa. Takin zamani da damina ke wankowa daga gonakinmu da kashin shanun da ke shiga har tsakiyar ruwa su ne abincinta. Mutanen Senegal da Muritaniya sun ga haka bayan da aka gama dam ɗin Diyama a 1986, inda ciyawar ta cika bakin kogin Senegal.

Halin ciyawar

A nan ne yawancin kwangiloli suke faɗuwa, saboda haka bari mu ɗan tsaya. Abin da ido ke gani na kacalla rabinta ne kawai. Sauran yana ƙarƙashin laka, saiwoyi masu kauri da ke rarrafe suna tsiro sabon kai a kowace gaɓa. In aka sa mata wuta, ganye ne ya ƙone, toka kuma ta zama mata taki. In aka sare ta a bisa ruwa, kafin a biya leburori ta fara toho. Amma tana da lago. Saiwar tana shaƙar iska ne ta cikin ganye, waɗanda ke da 'yan ramuka a ciki kamar soso. Idan aka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi guda ko fiye, har ruwa ya rufe kututturen, sai saiwar ta shaƙe. A maimaita haka sau biyu ko uku kafin ta fid da kai, sai a ga ta yi sanyi ƙwarai.

Ga inda wuyar take. Yankan ƙarƙashin ruwa yana bukatar tafki cike, watau ƙarshen damina zuwa farkon hunturu. Kwashe laka kuwa yana bukatar tafki ya ja baya, watau Maris zuwa Mayu. Aiki biyu ne a lokaci biyu na shekara. Ɗan kwangilar da ya zo da katafila ya yi mako biyu ya tafi, ko da mai gaskiya ne, rabin aiki ya yi.

Sa'an nan akwai maganar inda za a kai abin da aka fitar. Ciyawar da aka yanka aka bari a cikin ruwa ruɓewa take yi, ruɓewar kuma tana cinye iskar oksijin da kifi ke shaƙa, ruwa ya yi baƙi ya yi ɗoyi, da safe a tarar da kifi ya taso ciki sama. Mun ga wannan da idonmu a wani gari da muka taɓa zama kafin a kawo mu nan. An ba wani mutum aikin yashe tafkin garin, ya zo da injin, ya kwashe laka da saiwoyi ya tara su tudu guda a bakin gaɓa, aka ɗauki hoto, aka yi jawabi, aka sha lemo. Ruwan farko na damina ya wanke tudun nan ya mai da shi inda ya fito. Da kaka ta yi, kacalla ta fi ta da yawa, gama injin ya daddatsa saiwar ya watsa ta ko'ina. Da dattawa suka je neman bayani, aka ce musu an riga an sa hannu a takardar kammala aiki, an kuma biya. Ba mu ce mutumin ɓarawo ne ba. Takardar da aka ba shi ta ce ya share tafki, ya kuwa share. Wanda ya rubuta takardar ne bai san kacalla ba.

Wasu sukan ce a yi feshi a huta. Mu dai ba mu goyi bayan zuba maganin kashe ciyawa a ruwan da shanu da yara ke sha ba, balle a hannun wanda ba zai iya karanta abin da aka rubuta a jikin galan ba. Ko da maganin ya kashe ciyawar, gawarta a cikin ruwan za ta ruɓe.

Yadda wata gunduma ta yi a Amurka

Kada mu ɗauka wannan matsala ta matalauta ce kaɗai. A tsibiran gundumar Monroe ta Jihar Fulorida a Amurka, waɗanda ke cikin teku, akwai magudanan ruwa fiye da 500 da aka haƙa a tsakanin gidaje domin jiragen ruwa. An haƙa da yawansu da zurfi fiye da kima, wasu kuma ba su da mafita. Iska takan turo ciyawar teku ta shiga, ta nutse, ta ruɓe a ƙasa. Da hukumar gundumar ta sa aka auna su duka, rahoton 2013 ya nuna fiye da rabinsu ruwansu bai kai yadda doka ta ce ba. Abin da ya burge mu shi ne yadda suka bi aikin. Sun fara da 'yan magudanai kaɗan na gwaji, wani wuri aka sa shinge ko bututun da ke fesa kumfar iska a bakin mashiga don ya hana ciyawa shiga, wani wuri aka kwashe ruɓaɓɓiyar laka, wani aka cike zurfin, wani kuma aka sa kwalbati ruwa ya riƙa wucewa. Sa'an nan suka sa malaman jami'a, waɗanda ba su da hannu a kwangilar, suna auna ruwan kafin aiki da bayan aiki. Ba mu da teku a Katsina, ba mu kuma da kuɗinsu. Amma sa wani dabam ya auna aiki ba ya bukatar dala.

Abin da ya kamata takarda ta ƙunsa

Sanda mai alamar mita da kwale-kwale ko gora sun isa a auna zurfin tafki a wurare goma kafin a fara, a rubuta, mai unguwa ya riƙe kwafi. Bayan aiki a koma wuraren nan a sake aunawa. Ta haka za a san yawan lakar da ta fita, a biya bisa ga abin da aka fitar, ba bisa ga kwanakin da injin ya yi yana ƙara ba. Farin faranti da aka ɗaura wa igiya aka zura a ruwa yana nuna hasken ruwan: inda ya ɓace wa ido, a auna igiyar. Wannan dabara ce da masana ruwa ke amfani da ita a duniya duka, yaron sakandare ma zai iya yi. Abin da ya shafi ƙwayoyin cuta kuwa, sai duba-gari ya ɗebi ruwan a kwalba mai tsabta a kai ɗakin gwaji. Muna da jami'ar tarayya a Dutsin-Ma da ta Umaru Musa 'Yar'aduwa a Katsina, ɗalibansu kuwa kullum neman abin da za su yi bincike a kai suke yi.

Ya kamata takardar ta faɗi inda tifa za ta kai lakar, da nisan wurin daga gaɓa. Manoma da yawa za su karɓe ta hannu biyu, gama lakar tafki taki ce, muddin an bari ta bushe an tsince saiwar. Ya kamata kuma a riƙe wani kaso na kuɗin ɗan kwangila sai damina guda ta wuce an ga abin da ya tsiro. Riƙe irin wannan kaso ba sabon abu ba ne, ana yi a kwangilar gini da ta hanya. A kafa allo a bakin tafki mai ɗauke da sunan kamfani da yawan kuɗi da ranar gamawa, da Hausa. Najeriya tana da dokar ba da kwangila tun 2007 da dokar 'yancin samun bayanai tun 2011, saboda haka talaka bai yi rashin kunya ba in ya tambayi nawa aka ware.

A ganinmu ma, yankan shekara-shekara bai kamata a ba baƙo ba. Babban injin na ɗan kwangila ne, wannan gaskiya ne, amma lauje na 'yan gari ne. In aka ware ɗan kuɗi kaɗan kowace shekara aka damƙa wa kwamitin da ya ƙunshi mai unguwa da Arɗo da sarkin noma da wakilan mata da liman da shugabannin ikilisiya, samarin da ke zaman jiran ci-rani bayan girbi za su yi aikin a lokacin da ya dace. Mun sa Arɗo a ciki da gangan. In za a hana shanu shiga tsakiyar tafki, dole a gina musu kwamin sha a gefe a bar musu burtali, in ba haka ba an gyara ruwa an ɓata zaman lafiya.

Akwai wani abin da ba a cika tunawa ba, watau lafiyar masu yankan. Katantanwar da ke ɗauke da tsutsar tsargiya a jikin ciyawar ruwa take maƙalewa, tsutsar kuma ta fata take shiga. A cikin yaran da muke koyarwa da yamma, mun sha jin wanda ke fitsarin jini yana ɗauka alamar girma ce. Ba girma ba ne, ciwo ne, yana kuma da magani, Praziquantel, wanda akan raba a makarantu. Wanda zai wuni tsaye a cikin tafki yana yanka ya cancanci dogon takalmin roba da wannan magani, a kuma rubuta haka a cikin takarda. Masu shekaru a cikinmu suna tune da kurkunu. A ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 an sami mutum fiye da 650,000 da ita a Najeriya. Da tace ruwa da ƙyalle da sa ido ƙauye-ƙauye, tare da ƙoƙarin Jimmy Carter da Janar Yakubu Gowon, aka ga mai cutar na ƙarshe a 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta tabbatar a 2013 cewa ta ƙare a ƙasar nan. Masu sa ido na ƙauye ne suka yi yawancin wannan aiki.

Ita kanta ciyawar ba duka asara ba ce. Ana saƙa tabarma da asabari da ita, ana rufin ɗaki. A yankin Rosso na Muritaniya ana mai da ita gawayi. A ƙarƙashin shirin TRIMING, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa tare da wasu jami'o'in Amurka da Sifen sun gwada yin iskar gas ta girki da abincin dabbobi da ita. A yankin da itacen wuta ke ƙara tsada kowace shekara, wannan abin dubawa ne, ko da shike ba mu so a ruɗe mu har a bar ta ta yaɗu don ana samun gawayi.

Wasu abokanmu sukan ce duk wannan wahala ta ɗan lokaci ce, ruwan famfo na zuwa daga Zobe. Muna fata haka. Amma an gama dam ɗin Zobe a kan kogin Karaduwa kusa da Dutsin-Ma tun 1983, zamanin Shugaba Shehu Shagari, sai a watan Yuli na 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe kashin farko na aikin ruwan shansa, shekara 38 ke nan tsakani. Ko bututu ya iso ƙofar kowane gida, saniya ba za ta sha a famfo ba, mai lambu kuma ba zai yi ban-ruwa da mita ba.

Abin da muke roƙon masu karatu na Kankiya da Kusada da Ingawa shi ne, kafin watan Maris kowace unguwa ta fita da sanda ta auna tafkinta, a rubuta zurfin da ranar da sunayen waɗanda suka shaida, a ajiye kwafi ɗaya wurin mai unguwa, ɗaya a kai wa kansila. Wanda ya ga kacalla ta fara tsirowa a wani lungu na gaɓa, tun tana 'yar kaɗan, mutum biyar da lauje za su gama da ita a safiya guda, su fitar da ita tudu ta bushe nesa da ruwan.